Ɗigo Ɗaya Kafin Garwashi

Kiyashi suka fara sani, ba ni ba.
Sun yi jerin gwano a bayan gida
inda na tsuguna sau biyar a dare guda,
na shanye rabin randa, ƙishi bai sake ni ba.

Shekara ashirin da uku ina kan teburin nan,
bakin tashar Madarunfa,
ina ɗaga moɗa sama, shayi na sauka kamar igiya.
Cokali uku na direba, huɗu na ɗan kabu-kabu,
nawa kuwa ban taɓa ƙirgawa ba.
Wa ke awo a rumbun kansa?

Lokotoro ta duba takarda, ta dube ni:
"Rabe, giram biyu da saba'in.
Mece ce sana'arka?"
Da na faɗa, ta aje alƙalami ta yi dariya.
Ni ma na yi, tawa dai a maƙogwaro ta tsaya.

Jikka goma sha biyu na ƙirga wa mai farmasi,
ya miƙo mini 'yar aba, tafin hannu ya fi ta.
Sahiya, autata, ta karanta Faransancin da ke ciki:
wanke hannu, Baba, bari ya bushe,
soki gefe, kar ka soki tsakiya.
Na ce a bar mini manuniya,
ita nake ɗagawa a tahiya.

Yanzu kafin in hura garwashi,
kafin ladan na Bagalam ya sake kira,
ɗigo ɗaya nake ba ta, ja kamar zoɓo.
Ta yi shiru, ta ƙirga biyar,
ta faɗi abin da na aikata jiya.
Ba ta karɓar rantsuwa.

Ranar sunan jikan Ilya mai faci
na ci fanke biyu, na ce ai biyu ne.
To, uku.
Da asuba ta ce: biyu da goma.
Sahiya ta rubuta a kaye, ba ta ce uffan ba,
ta dai ja layi a ƙasa, har takarda ta huje.

Tsahara ta sauya mini kwano.
Wancan mai faɗi na tuwo ya koma na kaji.
Malmala ɗaya, ita ma 'yar ƙarama,
miyar kuɓewa ta fi ta yawa,
kwaɗon zogale daga Jiratawa, wake, gasasshen kifi in an samu.
Furar rana, wadda na gada tun daga kakana,
ta koma ludayi biyu, ba zaƙi,
ina sha ina kallon bango
kamar wanda ake karanta wa hukunci.

Masu magani kuwa sun yi yawa a benci.
Wannan ya ce ɓawon maɗaci, wancan ya ce kwana bakwai ka warke.
Na ce na gode,
na haɗiye ƙwayata bayan tuwo kamar yadda aka ce.

Da la'asar nakan bar wa yaro tebur,
in taka har gadar gulbi in dawo.
Ashe akwai mangwaro a wannan hanya,
ashe ƙafata ta san wani wuri ban da bayan tukunya.

Jiya ta ce: ɗaya da talatin.
Na sake dubawa a hasken tocila.
Ban tada kowa ba.
Na zauna a tabarma ina tsotsar yatsa kamar jariri.

Da safe wani direban Ɗan Isa ya ce a ƙara masa cokali.
Na ƙara.
Hannuna ya ɗan tsaya a kan gwangwani, ya lura,
ya ce, "Rowa ka fara, tsoho?"
Na ce a'a.
Na ɗauki kofina baƙi, mai ɗaci, na kurɓa.
Ashe ganyen nan yana da ƙamshi.
Shekara ashirin da uku ina sayar da shi.