Ƙofar Zuciyar Olivio

Shekara arba'in Olivio yana bisa sirdi
a filayen Bage, can kudancin Brazil,
yana kiran shanu da sunansu ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce 'yarsa Dalva, wadda ta bar karkara,
na sa farar riga a Belo Horizonte,
na koyi ɗinki da zaren da ya fi gashi siranta.
Ba riga nake ɗinkawa ba, ba hula ba,
aikina ƙofar zuciya.

Da asuba ake kawo mana shi cikin ƙanƙara,
tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya.
Mu wanke, mu jiƙa a magani kwana da kwanaki
don kada jikin mutum ya ga baƙo ya ɗaga murya.
Mu ɗaga shi ga fitila, mu auna kaurinsa,
mai tabo a yar, mai kyau a ajiye,
a yanka kunne uku, a ɗinke kan zobe,
ƙofa ke nan da jini zai bi ya wuce
ba tare da ya waiwayo baya.

Abin bai fi bakin kwalba ba,
amma yini guda yake ci, har ido ya yi ja,
har yatsa ya manta cewa yana da jijiya.

Ran wata Talata inna ta bugo waya:
"Babanki ya kasa kaiwa bakin rijiya.
Taku goma, sai ya dafa shinge,
numfashinsa kamar ana jan tsohuwar igiya."

Likita Iracema ta ajiye abu biyu a tebur.
"Wannan ƙarfe ne, ba ya tsufa,
amma zai riƙa ƙas-ƙas a ƙirjinka kamar agogo,
kuma kullum sai ka sha maganin tsinka jini.
Mutumin da wayar shinge ke yanka safe da yamma,
ƙaramin rauni zai zame masa wuya.
Wannan kuwa na saniya ne. Shiru yake aiki,
sai dai aro ne, shekara goma sha, ya gajiya."

Baba ya juya hularsa a gwiwa ya daɗe.
"Na sayar da 'ya'yansu, na ci namansu,
na ɗora musu wuta a cinya da sunana.
Yau kuma in je ƙofarsu roƙo?
Dalva, ashe ba a jin kunya a duniya?"

Na ce, "Baba, hannun irina ne ya ɗinka."
Ya dubi yatsuna, ya yi 'yar dariya.

Awa biyar muna zaune a baranda,
ƙoƙon shayin inna mai ɗaci ya huce a hannunta,
ni ina ƙirga ɗinki a raina,
ina tsoron ko akwai guda da ya kauce hanya.

Da ya farka, bai nemi ruwa ba.
Ya ce, "Wace ce? Ja ce ko baƙa?
Ta taɓa haihuwa? A ina ta yi kiwo?"
Na ce lamba kawai muke gani a takarda.
Ya rufe ido. "To, kowacce ce ke nan.
Duk garken duniya nake bin godiya."

Yanzu ya koma Bage, yana taka ƙasa a hankali.
Ƙarfen lamba na rataye a rumfa, tsatsa ta ci shi.
In Pitanga, tsohuwar jar saniyarsa, ta matso,
sai ya buɗe maɓallin riga, ya tsaya,
ta sa danshin hancinta kan tabon ɗinki,
su yi shiru su biyu, kamar masu sauraron
wani ɗan'uwa da ke magana daga cikin rijiya.