Lambar Nafi'u

Shekara tara ina ɗaure damtsen tsofaffi
a wani gidan kula da su a gefen Manchesta.
Fata ta yi laushi kamar takardar da ta sha ninki.
In matsa, in jira, in rubuta.
Ɗari da sittin, Mista Holden, sai haƙuri,
ga ƙwayarka, ga ruwa.
Na san ciwon nan kamar yunwar cikina,
na san gidan da yake sauka:
inda furfura ta riga shi shimfiɗa tabarma.

Ran Asabar na bar na'urar a kan tebur
ina soya albasa.
Nafi'u ya ɗaura don wasa,
shekara sha uku, gashin baki ko sallama bai yi ba.
"Umma, na ci ki! Lambata ta fi taki!"
Shi a zatonsa maki ne.
Na ce batir ne. Na canza batir.
Na ce ai yanzu ya hauro bene da gudu.
Na ce, na ce,
har albasa ta ƙone ina cewa.

Sau uku muka je asibiti, lema ɗaya mu biyu.
Likita ta auna dama, ta auna hagu,
ta nemi fitsari, ta leƙa ƙoda,
sannan ta tambayi dangi.
Sai ga Baba, da ya faɗi a bakin rijiya
aka ce iska ce ta buge shi.
Sai ga Gwaggo Lantana da bakinta da ya karkace.
Ashe na shigo da kayan da ban sani ba,
ya wuce filin jirgi ba wanda ya ce a buɗe.

Inna ta kira daga Funtuwa:
"Hawan jini? Yaro?
Haya yake biya, ko bashi ake bin sa?
Ki daina ja masa baki."
Na yi dariya don ta samu barci.

Suka rataya masa na'ura, yini da kwana.
Duk rabin awa sai ta kumbura, ta yi gurnani.
Ana tsaka da darasin lissafi aji ya waiwayo.
Da ya dawo ya ce, "Na gaya musu caji nake yi."
Ya shiga ɗaki, ya ja ƙofa a hankali,
a hankalin nan ne ya fi yi mini ciwo.

Daren nan na zauna dirshan a kicin
ina karanta bayan leda kamar mai neman sunanta a jarrabawa.
Taliyar minti biyu da yake dafawa in na fita.
Soyayyen dankalin shagon kwana.
Fam uku da nake bari ƙarƙashin kofi
su zauna da shi a madadina.
An ce ran da ruwa ya zo gishiri zai ji kunya.
Garin nan kullum ruwa ake,
ni ce dai na ji.

Yanzu magi ɗaya, daddawa ta karɓi ragowar aikin.
Ya kai loma, ya dube ni:
"Umma, miyar nan ba ta ce komai ba."
Na ce saurara dai, a hankali take magana.

In na sauko daga bas ƙarfe bakwai da kwata
yana bakin ƙofa, takalmi a ɗaure.
Mu zaga filin unguwa sau biyu,
shi da hamma, ni da ƙafafun da suka kwana a tsaye.
Mu dawo, shi ya fara miƙa hannu.
Na'ura na gurnani, ni ina tuna wata na'urar
da ta fara jiyar da ni zuciyar nan
tun ba ta da suna, tana sukuwa a cikina.

"Wa ya ci?"
Yau ni ce, da tazarar sha ɗaya.
Ya daki iska, ya suri jaka,
ya manta kwalbar ruwansa kuma.