Agogon Cima

Shekara talatin na yi a Jiratawa
ina buɗe wa ruwa hanya da bakin hauya,
fangali bayan fangali,
har gwiwa ta ce: Nomau, ya isa haka.
Na dawo birni, na zauna Bagalam,
gidan da tsakarsa siminti ne,
ko ciyawa ba ta san ƙofarsa ba.

Sai ga ɗiyata Cima da tiyo shida farare.
Ta huda su kamar sarewa,
ta jera su jikin katanga,
ta yanke wa wani shuɗin bido kai,
ta jefa ɗan pompi ciki
wanda bai kai dunƙulen hannuna ba.
Na ce, ina ƙasar?
Ta ce, Baba, babu ƙasa.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni.
Salati ba ƙasa? Ai tuwo ne ba tukunya.

Taki ma da cokali take auna shi,
ni da na saba da amalanke.
Ta dama a ruwa a hankali
kamar mai yi wa jinjiri koko.

Sannan ta rataye agogon.
Bai san azahar ba, bai san la'asar ba.
Ƙananan haƙora ne zagaye da fuskarsa,
kowane haƙori minti goma sha biyar.
Wanda ta danne, ruwa ya tashi,
wanda ta bari tsaye, saiwa ta huta.
Wai saiwa ma tana numfashi,
in ka cika mata ruwa, ruɓewa take.
Wannan na sani tun ba a haife ta ba,
amma na yi shiru.

Ƙas!
Pompi ya yi gyaran murya,
ruwa ya hau inda ruwa bai saba hawa ba,
ya bi tiyon sama, ya gangaro,
ya koma bido yana ƙananan maganganu.
Ƙas! Tsit.
Na ji haushinsa kwana bakwai.
Abin da ba ya gumi
yaya za a ce masa mai lambu?

Ranar wata Laraba, tsakiyar bazara,
Cima ta tafi Tasawa wurin aiki.
Rana na tsaka kuran ya ɗauke.
Agogo ya tsaya cak, baki buɗe.
Kafin in gama alwala
ganye ya sunkuyar da kai
kamar yaran da aka kama da laifi.

Na ɗauko moɗa.
Na taka kujera, gwiwa na zagina.
In ɗebo daga bido, in zuba a bakin tiyon sama,
in zauna, in dubi inuwar katanga,
in ta matsa tafin hannu ɗaya, in sake tashi.
Ban ƙirga ba. Riga ta jiƙe.
Maƙwabcina Tsayabu ya leƙo ta kan katanga,
ya ce, tsoho, yau kai ne injin?
Na ce, ni ne na asali.

Gab da magariba fitila ta kama.
Agogo ya ci gaba daga inda ya suma,
shi a ganinsa har yanzu rana na tsaka.
Na sa yatsa na juya masa fuska,
na ce, ga lokacin da ake ciki, yaro.
Tun ranar muka shirya.

Yanzu akwai farantin sola bisa rufi
da batir a ƙarƙashin benci.
Moɗata dai tana nan a ƙusa,
kafaɗa da kafaɗa da agogon.

Jiya na ciro salati na farko.
Saiwa fara sol, doguwa, kamar gemuna.
Sai na ga hannuna yana kakkaɓe ta,
yana neman ƙasar da zai zubar.