Hannun Bogi

A hawa na huɗu, asibitin Kuritiba,
inda ruwan sama ba ya gajiya da dukan taga,
aka ɗauke ni in yi ƙarya da hannu.
Ni Edivaldo, mai tura gadon majinyata,
ko ƙurji ban taɓa warkarwa ba.

Likita Valkiriya ta ce, ga ƙa'ida:
majinyata kashi biyu, ƙuri'a ce ta raba su.
Rabi na Dona Zuleide ne,
wadda ta shekara talatin tana shawagi da tafi bisa masu ciwo,
ta ce akwai wani ɗumi da ke lulluɓe da jiki,
tana jin inda ya yage, tana ɗinke shi.
Rabi naka.
Ka tsaya yadda take tsayawa,
tafi bisa ƙirji, tazarar taƙi guda.
Kar ka taɓa, kar ka yi addu'a, kar ka yi fatan komai.
Ka ƙirga daga dubu kana ja da baya,
bakwai-bakwai, don zuciya ta shagala.

Dubu. Ɗari tara da casa'in da uku.
Ɗari tara da tamanin da shida.

Gado na sha ɗaya, Seu Anakleto,
tsohon direban tirela, an rage masa hanji.
Bai san ko ni waye ba. Ya rufe ido.
Minti ashirin ina tsaye kansa kamar sandar ƙarin ruwa,
da na gama sai ya ce, yaro,
hannunka zafi ne da shi, kamar murhun uwata a watan Yuli.
Nas ta miƙa masa takarda mai layi ɗaya zuwa goma.
Jiya takwas ya zagaye. Yau biyar.
Na fita ina jin kunya kamar na ci kuɗin makaho.

Rana ta shida na ɓata lissafi.
Wajen ɗari shida da sittin da huɗu ne
na ga jijiyar wuyansa tana bugu a hankali,
na ga ƙafarsa ta leƙo daga bargo, farce ya tsage,
sai na tsinci kaina ina so ya tashi.
So kawai. Ba na cikin ƙa'ida.
Na je na kai ƙarar kaina.
Likita ta dube ni ta saman tabarau,
ta rubuta wani abu ƙarami a gefen takarda.

Bayan wata takwas aka tara mu,
kofi ya huce, an haska allo a bango.
Layi biyu suna gangarowa kafaɗa da kafaɗa
kamar titin jirgin ƙasa:
nawa da na Dona Zuleide.
Ciwo ya ragu nan, ya ragu can.
Jini kuwa bai ce uffan ba.
Mutum sittin da biyu, in ji likita, sun yi kaɗan a yi rantsuwa.

Dona Zuleide ta naɗe gyalenta sau uku.
Ta ce, ma'auninku ne bai kai ba.
Likita ta ce, mai yiwuwa,
amma abin da na auna shi zan rubuta.
Ba wadda ta ɗaga murya.

Ni ban yi magana ba, wa ya tambayi mai tura gado?
Sai dai na san hawa na huɗu ciki da bai.
Nan ba mai tsayawa minti ashirin kan kowa.
Allura, awo, sa hannu, an wuce.

An sallami Anakleto da sanda da jakar magani.
Ya bar min lemo shida a wajen nas,
da rubutu a jikin ledar: na mai hannun zafi.
Na ba Dona Zuleide uku.

Yanzu na koma tura gado.
Idan lif ya yi nawa tsakanin hawa biyu da uku,
wanda ke kwance yana kallon rufi,
nakan bar hannuna bisa ƙarfen gadon, kusa da kafaɗarsa,
ba na ƙirga komai.