Awon Asuba

Biyar da rabi nake buɗe ɗakin,
kafin masu shara,
kafin mai shayin bakin asibiti ya hura wuta.
Kaurin bangonsa ya fi tsayin mutum,
ƙofarsa kuwa ba a bugo ta, lallaba ta ake yi.

Da ruwa nake farawa,
ruwan da ke sanyaya jan ƙarfe.
In ya ɗumama ko kaɗan
injin ya yi fushi ke nan, sai azahar.
Sannan in kasa kunne ga janareta a bayan gini,
ko muryarta ta jiya ce.

Cikin bututun nan babu iska,
ko ta numfashin sauro.
An share hanya fes,
ba ɗan sahu, ba mai kura, ba rami.
Ƙwayoyin lantarki su taso daga waya mai zafi,
wannan ɗaki ya tunkuɗa su, wancan ya karɓa,
cikin taku biyu sun kusa kamo haske.
Maganaɗisu ya tanƙwara su kamar wuyan buta,
su daki ƙarfe,
su fito abin da ido bai gani.

Babana gyaran talabijin ya yi a Fagge,
irin mai ƙusumbin nan da ƙato biyu ke ɗauka.
In ya buɗe bayanta sai ya riƙe min hannu:
"Garzali, jar wayar nan, ko an kashe tana cizo."
Bai san ƙanen wannan injin yake rungume da shi ba,
ni ma sai a aji uku na jami'a na sani,
ranar da na dawo in gaya masa
na tarar yana barci kan benci, sukundireba a aljihu.
Na bari sai gobe.
Goben ta yi yawa.

Yanzu ga akwatin ruwa a kan gado
yana tsaya wa naman mutum.
Na fita, na rufe, na danna.
Adadin ya fito, ya saɓa wa na jiya da uku cikin ɗari.

Uku kawai.
A kasuwar Rimi ba wanda zai yi faɗa kan wannan.

A waje benci ya fara cika.
Iya Tasalla ta zo daga Kurna da fulas ɗinta,
Malam Ɗanbala tela, wuya naɗe da rawani,
yana duban agogon bango kamar bashi yake bin sa.
Sista Barira ta ƙwanƙwasa sau biyu.
Na ce a ba ni minti ashirin.
Ta ce jiya ma haka ka ce.

Na sake aunawa. Uku.
Na durƙusa, na bi waya da yatsu tun daga tushe
yadda na ga ana yi a wani shago mai warin dalma,
sai ga ta, bakin mahaɗi, ta saki kaɗan.
Na ɗaure. Na fita, na rufe, na danna.
Adadin jiya ya dawo gida.

Bakwai saura aka kwantar da Malam Ɗanbala,
jan zaren haske ya gicciye kan alamar wuyansa,
shi da ya shekara arba'in yana zana alli a yadin wasu.
Muka bar shi shi kaɗai, muna kallo ta allo.
Kan injin ya kewaya shi a hankali, yana ƙugi.

Da aka buɗe ƙofa ya ce, "Yaushe za a fara?"
Barira ta ce an gama.
Ya shafa wuya, ya dube ni,
ya ce, "To ni fa ban ji komai ba."