Kalma Ɗaya

Litinin da asuba nake barin Ancud,
ruwa na dukan rufin kwano kamar mai bin bashi.
Uwata ta cusa min dafaffen dankali a jaka,
sai ka ce ba a sayar da abinci a Valparaíso.
Mota, jirgin fito, jirgin sama, wata motar.
Kafin rana ta karkata na zama "Mai girma",
ni da tsibiri ya sani da Ximena, 'yar mai ɗinkin raga.

Talata, kwamiti.
Mu goma sha uku a kan teburi,
awa huɗu muna jan kalma ɗaya
kamar yara biyu da karan rake.
Daftarin ya ce: in teku ya yi ja, ya zama guba,
aka hana mata tsintar katantanwa a gaɓa,
gwamnati "na iya" biyan su.
Na ce a goge "na iya", a rubuta "dole".
Achurra na ɓangaren can ya cire tabarau, ya hura, ya goge,
ya ce, "Dole akwai tsada, abokiyar aiki. Wa zai biya?"
Na ce, "Na iya ma akwai tsada,
sai dai ba daga aljihunmu take fita ba."
Aka yi dariya.
Dariya ba ƙuri'a ba ce.

Laraba, zaure. Minti uku aka ba ni.
Rabin kujerun babu kowa,
sauran rabin sun sunkuya kan waya.
Na faɗi sunan ƙauyuka bakwai, ƙararrawa ta yanke ni a na takwas.
Sai shugaba ya buga guduma:
an ɗage sai wani mako.
Na ci dankalin uwata a tsaye, ya huce, ya yi ƙarfi.

Alhamis ta ƙare a hanya.

Juma'a ina Quemchi, a tsohon shagon da muka mai da ofis,
murhun itace na tari, tagogi na gumi.
Eleuterio ya zo da ambulan ɗinsa na fansho,
wata tara ke nan, takardar ta yi laushi kamar tsumma.
Wani yaro na son kuɗin karatu.
Wani ya zo zagi kawai, ya zaga, ya sha shayi, ya tafi.
Wata ta kawo kukan gada, wata na fitilar titi,
duk na rubuta, har biro ya fara shaƙewa.

Can da yamma Herminda Oyarzo ta shigo
da takalmin roba, ruwa na bin sawunta.
Ba ta zauna ba.
Ta ce, "Dokar fa?"
Na ce, "An ɗage."
Ta ce, "Tukunya ba ta san ɗagewa ba."
Na rasa ta cewa, sai na miƙa mata daftarin.
Ta bi layi a hankali, leɓenta na motsi,
har ta iske kalmar. Ta ɗora babban yatsa a kanta,
ta danne, kamar mai kashe ƙuma.
Da ta ɗaga, tawada ta jiƙe, ta watse,
"na iya" ta zama tabo mai ƙarnin teku.
Ta ce, "Yi haƙuri, na ɓata miki takarda."

Asabar jana'iza, sai ƙwallon yara, sai taron masunta.
Lahadi na yi barci da takalmi a ƙafa.
'Yata ta tashe ni, ta ce, "Gobe ma?"
Na ce, "Gobe ma."

Sakatare ya ce zai buga min sabon shafi.
Na ce ya bari.
Wannan zan ajiye gaban Achurra ran Talata,
in ya cire tabarau, ya shaƙa.