Mai Gugar Lauya Tanko

Shekara talatin da huɗu ina gugar kayansa
a Yelwa ta Garwa, gindin dalbejiya.
Ta wuyan riga na san mutumin.

Baƙar rigar lauya ta fi shan gumi.
A aljihunta nakan tsinci ɓawon gyaɗa,
ran nan har da wasiƙar wani manomin auduga na Pitowa
da ba shi da ko dala.
Zabi biyu ya kawo, Tanko ya karɓi ɗaya.

Da ya hau kujerar alƙali gumin ya ƙafe,
barci ma ya ƙaura.
Ranar da ya ɗaure wani tsoho mai kama da ubansa
bayan isha ya aiko da rigar,
hannunta na dama sharkaf.
Ban tambaya ba. Na hura gawayi.

Sai majalisa ta kira shi Yawunde,
jirgin dare, ɗamara mai launi uku.
Shekara biyar yana goyon doka guda
kan gonakin marayu.
Ta fito a fige kamar kazar biki.
Ya dawo da tari, ya ce,
"Ɗanjuma, can magana ake wankewa,
kuma ba ta fita."

Jiya muka kai shi.
Likkafani ba ya son guga,
da tafin hannu na miƙar da shi.

Yau Binuwai ta janye, dorina na hamma a yashi.
Baƙar rigar na kan igiya,
iska na ɗaga mata hannu
kamar mai neman izinin magana.